Daga Baban Larai Zuwa Mujallar Fim: Bashin da 'Yan Wasa Ke Bin Mu a Kudancin Katsina

Duk wanda aka haifa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa kafin ranar 23 ga Satumba, 1987, ɗan Jihar Kaduna ne a takarda, domin a ranar ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Katsina daga cikinta. Tun daga 1967, lokacin da aka yi Jihar Arewa ta Tsakiya, har zuwa 1987, Kaduna ce hedikwatarmu. Can ake kai ƙara, can ake neman aiki, can ake buga jarida, kuma daga can muryar da ke fitowa daga akwatin rediyo take tasowa. Shi ya sa idan ka zauna da dattijon wannan yanki ka ambaci Samanja ko Karambana ko Kasagi, ba za ka ga alamar ana maganar baƙi ba. Zai gyara zama, fuskarsa ta washe, ya fara ba ka labarinsu kamar tare suka yi wasan ƙasa, alhali mai yiwuwa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba.

Mu a nan ba mu da gidan talabijin, ba mu da masana'antar fim. Rabonmu a wannan tarihi shi ne kallo da saurare. Amma mai kallo ma yana da nasa tarihin, kuma yana da hakkin da ke wuyansa game da mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna faranta masa rai.

Kwaikwayo dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Da watan azumi ya kwana goma, yara sukan fito bayan shan ruwa su shiga tashe gida-gida. Wani ya manna gemun auduga ya ranƙwafa da sanda ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma a cikin riga ya zama attajiri mai tumbi, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata da rigimar kishiyoyi. Gwauro kuwa ya san ba shi da sakat sai watan ya wuce. A ranar kasuwa ga 'yan kama, masu shiga irin ta malamai, su ɗauko salon karatu da wa'azi su mayar da shi kan tuwo da miya, mutane su yi ta dariya suna ba su kyauta. A fadojin sarakuna kuma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu, abin da ba mai iya yi a wata rana daban. Saboda haka lokacin da na'urorin Turawa suka iso, sun tarar da jama'ar da ta riga ta san bambanci tsakanin gwanin kwaikwayo da mai kame-kame.

Na'urar farko da ta iso ita ce majigi. Mota ce ta ofishin watsa labarai na gwamnati, takan shigo gari da la'asar, a kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, mai shela ya zaga ya sanar da jama'a. Bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a tayar da injin wuta, yara su zauna a gaba cikin ƙura, manya a baya, mata daga can gefe. Abin da ake nunawa yawanci darasi ne: tsaftar rijiya, rigakafin cuta, biyan haraji, yaƙi da jahilci, daga baya kuma tafiye-tafiyen Sardauna da manyan gwamnati. Akwai mutum guda riƙe da lasifika wanda ke bayyana abin da ke gudana a kan ƙyallen. Idan ya iya baki, fim mara daɗi ma sai ya yi armashi, domin shi ke sa wa mutanen cikin hoto magana, shi ke ƙara gishiri, shi ke jefa habaici. A gaskiya wannan mai sharhi ɗan wasa ne cikakke, kuma yana cikin na farko da suka yi wannan sana'a a gaban taron ƙauye. Ba a rubuta sunayen irinsu a jikin fim ba, kuma da wuya ka ji an ambace su yau.

A cikin finafinan majigi, wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka shirya don koyar da noman zamani, musamman na auduga. Ga mutanen ƙasar Faskari wannan ba labarin nesa ba ne. A Daudawa Turawa suka kafa gonar gwaji da yaɗa irin auduga, a Funtuwa kuma ga injin gurza, ga jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, yana kwasar dilolin auduga. Manomin da ya zauna kallon Baban Larai, gonarsa yake gani da matsalarsa. Ba a ɓoye yake ba cewa waɗanda suka biya kuɗin fim ɗin bukatarsu ita ce auduga ta yawaita don masaƙunsu. Amma audugar ta ja baya, masaƙun Kaduna sun rufe, sunan Baban Larai kuwa yana nan a bakin tsofaffi. Abin da ya zaunar da shi shi ne mutanen da suka fito a ciki suna magana da Hausa, suna shiga irin tamu, suna yin abin da mai kallo ya yarda cewa haka mutum yake yi. Tambayi mutum goma su faɗa maka ainihin sunan ɗaya daga cikin 'yan wasan, ka ga yadda za a yi shiru. Daga nan ɓacewar sunaye ta fara.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna. Talabijin ta daɗe ba ta iso mana ba, amma rediyo mai batir ta shiga ko'ina: tana rataye a reshen bishiya a gona, tana kan teburin mai shayi, tana cikin ɗakin amarya. Wasan kwaikwayo na rediyo ya riga ya kafu tun kafin wannan lokaci, domin wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ta rediyo jama'a suka fara jin su kafin su zama littattafan da aka karanta a makarantu. Bayansu Alhaji Yusuf Ladan, wanda ya zama Ɗan Iyan Zazzau, ya kawo Zaman Duniya Iyawa Ne. Sai kuma Duniya Budurwar Wawa, wanda ya yi shekaru yana tara mutane a gindin rediyo.

Wasan rediyo ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Ba fuska, ba tufafi, ba ɗaga gira. Da murya kaɗai mutum zai nuna maka cewa shi tsoho ne mai rowa, ko bazawara mai wayo, ko ɗan sarki da ya lalace. Da ƙarar buɗe ƙofa da tarin ƙarya da jan numfashi ake gina gida sukutum a cikin kan mai saurare. Matan aure da ke cikin kulle, waɗanda ba sa zuwa majigi balle silima, ta wannan hanya suka shiga cikin masu kallo, ko da yake da kunne suke kallon. A ganina ba a taɓa yi wa waɗannan 'yan wasa adalci ba wajen yabo, saboda sun yi aikinsu a inda ba a ganin su.

Da talabijin ta fara bazuwa a shekarun 1970 da 1980, bayan an haɗe gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977, samun kallo a garuruwanmu sai da dabara. Wutar lantarki ba ta kai ko'ina ba. Akwatin baƙi da fari ne, a gidan wani attajiri ko malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, wani lokaci da batirin mota ake kunna shi. A ɗaure eriya a kan doguwar gora, a sa yaro ya riƙa juya ta ana yi masa ihu daga ciki har hoton ya daidaita. Mai gidan da ya fito da akwatinsa tsakar gida ko ƙofar gida don unguwa ta kalla, ya yi sadakar da har yau ake tuna shi da ita.

A irin wannan zama aka san fuskar Samanja Mazan Fama. Sunansa Usman Baba Pategi, an haife shi a 1942 a Pategi ta Jihar Kwara ta yanzu, Banufe ne daga gidan sarauta, kuma ya yi aikin soja da gaske kafin ya shahara da kwaikwayon soja. Sai an tuna zamanin sannan za a gane girman abin da ya yi. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin dubu goma ba; da aka gama yaƙin sun kai wajen dubu 250. Kusan kowane gari yana da wanda ya tafi, ya dawo da kaki da sabuwar ɗabi'a da wata irin Hausa ta bariki mai gauraye da Turanci. Mulki yana hannun soja, farar hula yana tsoron mai kaki a hanya da tasha. Sai ga mutum ya fito a rediyo da talabijin na gwamnati yana tsawa, yana ba da oda, yana murɗa harshe irin na bariki, a gida kuma rigimar iyali ta sha kansa kamar kowa. Talaka ya samu damar yi wa soja dariya ba tare da an taka shi ba, soja kuma ya ga kansa ya yi dariya. Samanja bai wulaƙanta kakin ba, domin ya san nauyinsa, ya san waɗanda suka tafi da shi ba su dawo ba. Wannan daidaito tsakanin ban dariya da mutunta abin da ake wasa da shi, ba kowane ɗan wasa Allah ya ba shi ba. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023.

Ƙasimu Yero kuwa wani irin gwani ne daban. Bazazzagi ne, kuma a Karambana ya ɗauki halin mutumin da kowace unguwa take da irinsa: mai shiga sharo ba shanu, mai sanin komai, wanda zai zo gyara ya ɓata. Ƙarfinsa yana cikin fuska da lokacin da yake zaɓa ya yi shiru. Yakan bar magana ta faɗi ƙasa, ya dube ta, ya dubi mai ita, kafin ya ce uffan mutane sun riga sun fashe. Kuma bai tsaya a Hausa ba. A wasan Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta shirya a yankin Jos daga 1980 don jawo hankalin mutane ga noma, shi ne Gaga, tare da Sadiq Daba da ya fito a matsayin Bitrus, kuma Nijeriya gaba ɗaya ta san shi ta nan. Ya kuma fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin daga littafin Abubakar Imam. Ɗan wasan da zai sa Bahaushen ƙauye dariya da daddare, gobe ya burge ɗan Legas da Turanci, ba a samun irinsa kullum. Ya rasu ranar 3 ga Satumba, 2017.

Na uku shi ne namu na gida, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi. Shi ya haɗa abu biyu, wasa da rubutu. Littafinsa Kulɓa Na Ɓarna, wanda ya fito a 1979, ya ɗauki matsalar masu kuɗi da ke yaudarar 'yan mata 'yan makaranta da abin duniya har su lalata musu karatu da rayuwa. Ɗalibai masu yawa sun karanta shi don jarrabawa, kuma a farkon shekarun 1990 Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta mayar da shi fim ƙarƙashin jagorancin Brendan Shehu. Wanda ya sake karanta shi yau zai ga maganar ba ta tsufa ba, motar da alhajin ke shiga ce kawai ta sauya.

Sauran garuruwa ma ba su zauna ba. Kano ta yi Kuliya Manta Sabo, kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV a farkon shekarun 1980, wanda ya zama makarantar 'yan wasa da yawa. Jos ta ba mu Karkuzu na Bodara, Sakkwato ta yi Idon Matambayi. Wasu mun gan su kai tsaye, wasu sai a bakin direbobi da fatake da ɗaliban da suka dawo hutu.

Akwai labari guda da ya kamata kowane mai son wannan fanni ya sani, wato na fim ɗin Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin a farkon shekarun 1930, tun yana malamin makaranta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, sannan a 1976 Adamu Halilu, ɗaya daga cikin 'yan Arewa na farko da suka ƙware a harkar fim, ya ɗauke shi a matsayin cikakken fim na silima da Hausa, Umaru Ladan yana fitowa a matsayin Shaihu Umar. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan sai ya ɓace. Shekaru kusan arba'in ana jin sunansa a littattafai ba a ganin sa, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 wani mai shirya fim, Didi Cheeka, ya ci karo da gwangwanayensa cikin tarin tsofaffin finafinai da aka yi watsi da su a wani tsohon ginin sashen fim na gwamnati a Legas. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Labarin da firaministanmu na farko ya rubuta, fim ɗin da gwanayenmu suka yi, sai da baƙi suka sa hannu kafin jikokinsu su gan shi.

Shaihu Umar ya yi sa'a. Wasannin talabijin da yawa ba su yi ba. Kaset yana da tsada a lokacin, saboda haka akan ɗauki wanda aka naɗi wasa a kansa a sake naɗar wani shiri, wani lokaci jawabin wani babba da ba mai tunawa da shi yau. Wanda bai gamu da wannan ba, zafi da ƙura da laima suka cinye shi a ɗakin ajiya. Gidan talabijin da ya goge wasan Ƙasimu Yero don ya samu kaset, daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwon dare ɗaya. 'Yan guntayen da ake gani yau a YouTube, yawancinsu daga hannun mutanen da suka naɗa a gida suka fito.

Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, gidajen talabijin suka kasa ɗaukar nauyin wasanni kamar da. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano, waɗanda da ma a talabijin suka goge, sai suka koma ga kyamarar bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, da Ibrahim Mandawari a ciki. Marubuta littattafan soyayya suka shigo: Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, aka kuma ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, maƙwabciyarmu. A 1999 Sangaya ya fito, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya buɗe ƙofar waƙa da rawa da ta ja kasuwa da kuma suka. A garuruwanmu gidajen kallo suka buɗe, shagunan hayar kaset suka cika, janareto yana kuka har tsakar dare. Rabilu Musa Ibro, wanda ya bar aikin gidan yari ya rungumi wasa, ya zama sarkin ban dariya na wannan zamani har rasuwarsa a watan Disambar 2014. Masu cewa waɗannan yara sun ɓata abin da manya suka gina suna da hujja a wasu wurare, amma ba su cika yin adalci ba. Samari ne da ba gwamnatin da ta ba su ko sisi, suka gina sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje, suka kai Hausa har inda rediyon Kaduna bai kai ba.

A nan ne yankinmu ya shigo tarihin da ƙafarsa, ba a matsayin mai kallo kawai ba. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ɗan jarida kuma marubucin littafin 'Yartsana, ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. Akwai wasu mujallun a lokacin, kamar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, inda sunan Kannywood ya fara fitowa, amma Fim ce ta fi su daɗewa. Mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin wurin ganin hotunan 'yan wasa da jin wa ya auri wa, kuma lallai akwai wannan a ciki. Sai dai abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin da ta riƙa yi wata bayan wata ba tare da an lura ba: tana rubuta sunan darakta da mai ɗaukar hoto da mai tace fim da mai kiɗa, tana hira da tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin tun suna da rai, tana adana ranar da aka fara abu da ranar da wani ya rasu. Abin da majigi bai yi wa 'yan wasansa ba, shi mujallar ta yi wa na bayansu. Lokacin da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka shirya babban taro kan finafinan Hausa a Kano a 2003, da kuma duk binciken da ɗaliban gida da na waje suka yi daga baya, tsofaffin kofen Fim suna cikin abin da aka dogara da shi.

Ba a fim kaɗai wannan hali ya tsaya ba. Bayan rasuwar Alhaji Mamman Shata ranar 18 ga Yuni, 1999, Sheme ya jagoranci rubuta tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006, kuma cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi akwai Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda daga baya ya fitar da nasa littafin, Mahadi Mai Dogon Zamani. Masanin kimiyyar ƙasa ne, ba waƙa ya karanta ba, amma ya bi garuruwa yana neman waɗanda Shata ya yi wa waƙa da iyalansu yana rubuta abin da suka sani. Mutum biyu daga Faskari da Ƙanƙara sun nuna cewa ana iya ceto tarihin mai fasaha daga bakin mutane kafin ƙasa ta rufe su. Irin wannan aiki ne Samanja da Ƙasimu Yero da Kasagi suka cancanta, kowannensu da littafinsa.

Wani ɓangaren labarin yana da ɗaci. A watan Fabrairun 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda masu kallon talabijin ɗin Kano suka sani da Tambaya, ta yi hira da sashen Hausa na BBC, ta ce bayan shekaru masu yawa tana wasa, abin da ake ba ta a fim sau da yawa 'yan dubbai ne ƙalilan, kuma ba ta mallaki muhalli ba. Wasu masu shirya fim suka musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka, aka yi ta cacar baki. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, tsohuwar da ta yi wa sana'a hidima tun ana kallon baƙi da fari bai kamata ta kai ga kuka a gaban duniya kan wurin kwana ba. Haka Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya tsufa a Jos idanunsa suka tafi, sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida a 2023 bayan kukansa ya bazu. Ya rasu a watan Maris na 2025. Allah ya saka wa wanda ya taimaka, amma rayuwar gwani ba ta kamata ta dogara ga sa'ar wani mai tausayi ya ji labari ba. Asalin matsalar a tsarin take: ana biyan ɗan wasa sau ɗaya a ranar aiki, ba yarjejeniya a rubuce, ba kaso idan an sake nuna wasan, ba fansho, ba asusun jinya. Wasan ya yi ta yawo shekara talatin, mai shi ba ya samun ko kwabo. Yanzu da Arewa24, wadda ta fara a 2014, da masu dogon zango a YouTube suke samun talla da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina, babu uzurin a maimaita wa 'yan wasan yau abin da aka yi wa na jiya.

Mu kuma a nan lokaci ya ƙure mana fiye da sauran wurare. Tun kafin daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, taron dare a fili ya zama abin tsoro a ƙauyuka da yawa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar, har da waɗannan ukun, mutane suka koma ga rediyo da finafinan da ake tura musu a waya a shago. Tsofaffin da suka ga majigi da idonsu, waɗanda za su iya faɗin a wane fili aka kafa ƙyalle da wanda ya riƙe lasifika, wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira a Funtuwa da Malumfashi da Katsina, an bar akwatunansu da kaset-kaset ɗinsu a gidajen da ba kowa.

Saboda haka kira nake yi ga sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina: a tura ɗalibai su naɗi muryoyin waɗannan dattawa yanzu, a nemi iyalan Kasagi da sauran 'yan wasan da suka fito daga jihar nan a tattara hotuna da rubuce-rubucensu, a haɗa kai da gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Katsina da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos a mayar da abin da ya rage na tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohon kaset na Samanja ko Karambana a ɗakin mahaifinka, ko tarin mujallar Fim a ƙarƙashin gado, kada ka bari a zuba su a shara ko a ba mai ƙosai ta naɗe kaya. Ka kai su inda za a kwafa a adana, ka rubuta sunan wanda ya ajiye su da shekarar da ya saya.